Ranar da na kai tsoho garin da ba nasa ba

Wasu shekaru can baya, lokacin muna kwana mu uku a ɗaki ɗaya a unguwar Mount Hope da ke Bronx, nan Amurka, na yi aikin jinyar wani tsohon Bature. Ban taɓa ba da labarin nan a fili ba. Yau ma ba don ina jin daɗinsa zan bayar ba, Nuwamba ce ta kama, kuma duk shekara in ta kama sai abinci ya daina yi min ɗanɗano. Masu son su rubuta min "Allah Ya yafe" a ƙasa ku rubuta, ban hana ba, amma ku karanta tukuna.

Ni ba ɗan boko ba ne. A aji uku na sakandare na tsaya. Na shiga kasuwa, kasuwa ta ƙi ni, na samu biza ta wata shida na zo ƙasar nan, wata shidan ta zama shekara goma sha ɗaya ba takarda. Na yi talla a Canal Street har 'yan sanda suka gaji da kwashe min kaya, ni ma na gaji da ganinsu. Daga nan wata baiwar Allah 'yar Gana ta haɗa ni da 'yar tsohon nan, wadda ke zaune can yammacin ƙasar, tafiyar awa shida a jirgi. 'Yar ta zo, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Takardunka daidai suke?" Na ce daidai suke. Ba ta ce in nuna ba. Ina jin ita ma ba ta son ta sani, amma ta tambaya, kuma na amsa.

Tsohon shekararsa casa'in da biyar. Idanunsa sun tafi, haske da inuwa kawai yake bambancewa. Kunne kuwa ko buɗe firij ka yi a kicin zai ce me kake nema. Kansa yana zuwa yana tafiya: da safe garau, da yamma sai ya kira ni da sunan wani abokin aikinsa da ya mutu tun ban zo duniya ba. Shekara arba'in ya yi yana jera haruffan ƙarfe a maɗaba'a, shi ya sa yatsunsa suka iya karatu. Sai ya ɗauki murfin kwalbar magani ya shafa rubutun da ke kai ya karanta min, sannan ya ce, "Kai mai ido biyu kana ta in'ina, ni makaho na gama." Baba nake ce masa. Da farko ya ce shi bai haife ni ba, daga baya ya saba. In ya ji daɗina ya ce min "ɗana", in na tilasta masa wanka ya ce min "Janar".

Ba a Amurka aka haife shi ba. Ɗan wani ƙaramin gari ne a Kanada, garin manoma, coci ɗaya da kogi. Uwarsa tana da cikinsa aka ɗauki mahaifinsa soja, yaƙin duniya na farko, aka kai shi Faransa. A yaƙin nan ramuka sojoji suke tonawa masu tsawo su zauna a ciki wata da watanni, abokan gaba su ma suna cikin nasu ramukan, ana ta jifan juna da bama-bamai. Wata rana bam ya sauka a raminsu. Ba a samu gawarsa ba. Laka ta rufe shi tare da waɗanda ke kusa da shi. Tsohon bai taɓa ganin ubansa ba, uban ma bai taɓa jin an ce an haifa masa namiji ba.

Abin da ya rage wasiƙu biyar ne a gwangwanin biskit. Ni nake karanta masa su da Turancina mai ɗingishi, yana gyara min don ya haddace su. Na ɗauka zan ji maganar jarumta. Ko sau ɗaya mutumin bai yi ta ba. Ya ce ƙafarsa ba ta bushe ba tun da ya zo, a aiko masa da safa. Ya ce ɓerayen wurin sun kai kyanwa. Ya tambayi ko saniya ta haihu, ya ce a gaya wa maƙwabci ya duba rufin ɗaki kafin ƙanƙara. Manomi ne kawai aka sa masa kaki.

Sai kuma dutse. A tsakiyar garinsu an kafa dutse, an sassaƙa sunayen 'yan garin da ba su dawo ba. Sunan ubansa yana ɓangaren da ke kallon kogi, na uku daga ƙasa. Ya ce duk sha ɗaya ga Nuwamba, ranar da suke tunawa da sojojinsu, uwarsa takan riƙe hannunsa ta ɗora a kan sunan ta ce ga babanka. An ce akwai sunan a wani bango a Faransa, amma shi bai taɓa zuwa can ba. Dutsen garinsu shi ne kabarin, shi ne hoton, shi ne uban gaba ɗaya. Rabonsa da garin tun matarsa tana da rai.

Bari in faɗa muku yadda na ɗauki maganar nan a lokacin, don a nan laifina ya soma. Mu ma muna da namu. Ƙanin kakana Turawa suka ɗebe su yaƙin Bama, bai dawo ba. Ba wasiƙa, ba dutse. Kakata takan soya waina ranar Juma'a ta ce sadakarsa ce, da ta rasu aka daina. Ni ko sunansa na yanka ban sani ba, Soja kawai ake ce masa. Kuma ku kun sani, mu ba ma rubuta suna a kabari. In damina biyu ta wuce, kai da ka haƙa ma sai ka yi ta lalube. Addu'a daga ko'ina take isa. Don haka duk sanda tsohon ya ɗauko zancen dutse, a zuciyata cewa nake wannan shiriritar Turawa ce, dutse ai dutse ne.

Wata safiya a watan Satumba ina yanke masa farce, ya ce, "Ɗana, bana nake son zuwa. Ba zan ga baɗi ba, na sani. Za ka kai ni?"

Na ce, "To, Baba. In Allah Ya yarda."

Duk Bahaushen da ke karanta wannan ya san abin da na faɗa. Ba a kallon idon dattijo a ce masa a'a. Ka ce to, ka bar maganar ta kwanta, shi ma ya gane, kowa ya tsira da mutuncinsa. Haka aka rene ni. Shi kuwa ba haka aka rene shi ba. A wurinsa in mutum ya ce to, an gama. Kuma na yi zaton kafin yamma ya manta, tunda yakan manta ko ya ci abincin rana. Wannan ɗaya dai bai manta ba.

A ranar ya sa na kira masa 'yarsa. Ashe tana ta neman yadda za ta ɗauki hutu ta zo ta kai shi. Ina tsaye ya ce mata, "Zauna abinki, Janar zai kai ni." Na ji yadda ta sauke numfashi a waya. Ta yi min godiya har sau uku, ta gaya min durowar da fasfo ɗinsa yake, ta ce in nemi mota mai kyau. A nan ya kamata in yi magana. Amma in na ce ba zan iya tsallaka boda ba, tambaya ɗaya za ta biyo baya, kuma ta riga ta taɓa yi min ita. In na fita ƙasar nan ba na dawowa, in na faɗi dalili ba ni da aiki. Na yi mata sallama na ajiye wayar.

Sati bakwai tsohon nan yana shiri. Ya sa na kai baƙar kwat ɗinsa wanki. Ya sa na nemo masa jan furen takarda irin wanda suke maƙalawa a ƙirji a ranar. Ya soma cinye abincinsa duka, wai yana tara ƙarfi. Kullum da safe, kafin ya sha magani, sai ya tambayi kwana nawa ya rage.

Na kai wa abokina kukana bayan sallar Juma'a. Direban tasi ne, yana da takardar aiki da lasisi, amma kes ɗinsa yana kotu, shi ma ba ya iya fita ƙasar. Ya saurare ni yana cin shinkafa, ya ce, "Kai ma dai da neman wahala. Tsohon yana gani?"

Na ce ba ya gani.

"Yana barci a mota?"

Na ce ko asibiti za mu je sai na tashe shi.

Ya ce, "To mutumina, me ya rage? Na sha kai fasinja ƙauyukan arewacin jihar nan. Kowane ƙauye da dutsen sojojinsa a tsakiya, ga coci, ga ciyawa. Mu kai shi ɗaya ya taɓa, ya yi kukansa, mu dawo. Ba ka cuce shi ba, ka faranta masa ne. Uban nasa yana cikin dutsen ne?"

Na ce ba ya ciki.

"To ka gani."

Ba zan ɗora wa abokina ba. Shi ya faɗa, amma ni na ji maganar ta zauna min daram, don abin da na yarda da shi ne tun farko. Har wani daɗi na ji, na ce ashe abin da sauƙi. Mu biyu manyan banza, da furfura a gemu, muka zauna muna tsara yadda za mu yaudari makaho, muna ganin dabara muka yi. Maɗaba'a da murfin kwalba ko sau ɗaya ba su faɗo min a rai ba.

Ranar sha ɗaya ga Nuwamba muka tashi da safe. Tsohon ya riga ni shiryawa, yana zaune a bakin gado da hularsa a cinya. Muka ɗora shi a mota, muka naɗe keken guragu muka sa a but ɗin motar. Kafin mu fita Bronx sosai ya yi barci. Abokina ya ƙi yarda mu matsa kusa da boda, don ya ce ana tare motoci a can tun kafin a isa. Muka yi ta tafiya, muka ɗan zaga don hanya ta yi tsawo, kuma da gangan muka bari sai bayan azahar, lokacin da duk wani taro ya watse.

Da ya farka ya ce, "Mun wuce boda?"

Abokina ya ce, "Tun ɗazu, Baba. Jami'in ya leƙo ya gan ka kana minshari, ya ce kada a tashi ɗan gida."

Tsohon ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Haka mutanenmu suke."

Garin da muka tsaya ƙarami ne. Ga dutsen a tsakiyar fili, an ajiye furanni a gindinsa, ba kowa sai wata mata da kare can nesa. Sanyi yana shiga har ƙashi. Na tura shi a keke. Muna cikin tafiya ya ɗaga hannu ya ce in tsaya. Ya karkata kai.

"Ban ji kogi ba."

Na ce iska ce ta yi yawa, Baba.

Ya ce in kai shi ɓangaren kogin. Na zaɓi ɓangare ɗaya na kai shi. Ya ce in ɗaga shi. Na rungumo shi ta ƙugu, ba shi da nauyi ko kaɗan. Ya cire safar hannunsa da haƙori, ya sunkuya, ya lalubo layin ƙarshe. Ina jin sa yana ƙirga a hankali, ɗaya, biyu, uku. Ya bi haruffan da yatsa. A lokacin ne na tuna maɗaba'a, don na ga yadda yatsan yake tafiya, irin tafiyar da yake yi a kan murfin magani.

Ya tsaya. Ya koma ƙasa ya sake ƙirgawa. Ya ce, "Ba wannan ɓangaren ba ne, Janar, ka ruɗe." Na matsar da shi. Ya bi ɓangare na biyu tun daga ƙasa har inda hannunsa ya kai, suna bayan suna. Ya bi na uku. Ya bi na huɗu. Yatsunsa suka yi shuɗi. Na ce Baba sa safarka, bai ma ji ni ba. Abokina da ke jingine da mota yana latsa waya ya sa wayar a aljihu ya juya mana baya.

Da ya gama ya ce in zaunar da shi. Sannan ya ce, "Ba sunan babana kaɗai ne babu ba. Ɗan maƙwabcinmu ma babu. 'Yan'uwan nan biyu masu injin niƙa babu. Ban san ko mutum ɗaya a nan ba." Ya juyo da fuskarsa inda yake jin numfashina. "Ɗana, garinmu ne nan?"

Ba da tuhuma ya tambaya ba. Tambayar wanda ya san kansa yana masa wasa ce, yana neman wanda zai riƙe. Kalma ɗaya ce tsakanina da gaskiya, kuma da na faɗa, akwai sauran lokaci, 'yarsa tana iya zuwa ta kai shi ko bayan sati ne. Na tuna ɗakin Mount Hope, na tuna titi da 'yan sanda, na tuna yarana a gida.

Na ce, "Nan ne, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "To sun canza dutsen. Sun sa nasu, sun cire namu." Bai yi kuka ba. Ni kukan na shirya wa, har da tishu a aljihu. Ya ce, "Mu tafi, na ji sanyi."

Muka kamo hanyar gida. Mun tsaya a gidan mai mun yi sallah a gefen mota, ni ban san me na karanta ba.

Washegari na ɗauko gwangwanin wasiƙu kamar kullum, ya ce in mayar. Bai ƙara cewa a karanta ba. Abinci ya koma cokali biyu, uku. Da 'yarsa ta kira, ya ce mata garin sun share sunan kakanta. Ta ce a ba ni wayar. Ta rage murya ta ce, "Gaya min gaskiya, sunan yana nan?" Na ce yana nan, hannunsa ne ya yi sanyi bai ji ba. Sai ta ce dama ta lura kansa yana ƙara lalacewa, in har ya kai ga ƙirƙiro abin da ba a yi ba, to zama a gida ya ƙare. Kun ga ƙaryata ta biyu ta mai da shi mai taɓin hankali a idon 'yarsa. Kafin ƙarshen shekara ta kai shi gidan kula da tsofaffi. Aikin da na yi duk wannan don in riƙe, ko sati shida bai ƙara ba. Ta sallame ni da godiya, ta ce ba za ta manta alherin da na yi wa babanta ba.

Sau ɗaya na je duba shi. Da safe na je don in same shi garau, kuma na same shi. Ya gane muryata, ya ce Janar ya zo yi masa wanka. Na durƙusa gaban kekensa na faɗa masa komai. Na ce Baba ba Kanada muka je ba, ba ni da takarda, ban iya tsallaka boda, wani ƙauye ne a jihar nan, sunan babanka yana nan ba wanda ya taɓa shi. Ya saurara har na gama. Sai ya lalubo kaina ya dafa, ya ce, "Kai yaron kirki ne. So kake ka kwantar min da hankali." Na ce wallahi Baba gaskiya nake faɗa. Ya ce, "Na taɓa da hannuna, ɗana. Hannuna bai taɓa yi min ƙarya ba." Ƙaryar ya karɓa hannu biyu, gaskiyar ya ce lallashi ce. Bai kai ƙarshen sanyin ba ya rasu.

In kuna jiran in ce na koyi darasi na zama mutumin kirki, ba ni da wannan. Abin da na sani kaɗan ne. Na daina ce wa kowa to a kan abin da ba zan yi ba, har an ce na zama marar kunya, dattawan masallaci suna cewa Amurka ta ɓata ni. Su faɗa. Na kuma gane wanda bai gaji komai daga ubansa ba sai haruffa goma sha wani abu a jikin dutse, in ka taɓa haruffan ka kashe masa uban karo na biyu. Bam ya yi na farko a Faransa, ni na yi na biyu a wani fili da ko sunan garin ban riƙe ba. Shi sojan da ya jefa bam ɗin yana da uzuri, tura shi aka yi cikin rami. Ni ba wanda ya tura ni.

Shekara huɗu bayan nan takardata ta fito. A satin na sa wani ya nemo min garin a waya. Akwai hoton dutsen. Na buɗa hoton da yatsa biyu na ƙirga daga ƙasa, ga sunan nan, na uku, an ma sake masa fenti. Ga kogin a baya.

Abokina shi ma kes ɗinsa ya ƙare tuni. Bara ya kira ni ya ce yanzu ba mai hana mu, ga mota, mu je mu tsaya a wurin ko hankalina ya kwanta. Na ce masa in je in taɓa sunan, in dawo in gaya wa wa?